Mai Gemun da Luƙman Ya Aiko

Duk matar da ɗan kunnenta ya taɓa karyewa a Dogon Dutsi ta san rumfar Usaini Maƙeri. Tana bayan layin masu dankali, rumfar kara ce mai ƙafa shida, ga uwar maƙera a kafe cikin kututturen gawo, ga zugazugin fatar akuya, ga ɗan sikelin tagulla a cikin tsohon gwangwanin madara. Maƙerin fari ne, wato azurfa da zinariya yake taɓawa, ba ruwansa da gatari ko hauya. Daga Kiyeshe ubansa ya taho da shi tun bai fi tsayin masaba ba, kuma bai taɓa yin wata sana'a ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da tsagen Arawa daga baki har kunne, irin wanda yanzu sai a fuskar dattijai.

Abu biyu aka san shi da su. Na farko rashin tausayin ƙarfe. A kawo masa munduwar kaka, ko tsohuwar dalar azurfa mai hoton mace wadda aka gada tun zamanin fatake, mai ita tana share hawaye, shi kuwa ya riga ya jefa ta kasko yana tambayar zobe nawa ake so. Yakan ce ƙarfe ba ya da uwa. Na biyu kuwa ido. Ya juya zobe sau ɗaya a tafin hannu ya gaya maka maƙerar da ta haife shi: wannan bugun Dumega ne, wancan na gidan su wane a Tibiri, kuma bahago ne ya yi shi. Daga Matankari har bakin iyaka ba hannun maƙerin da bai sani ba. Da wannan yake taƙama, kuma wannan ɗin ne ya ɓatar da shi hanya shekara da shekaru.

'Ya'yansa mata biyar, namiji ɗaya, Luƙman. Shi ya taso yana yi masa zuga, ya koyi liƙi da goge, ya auri wata yarinya 'yar Gesheme mai suna Hasiya. Sai kayan kanti suka cika kasuwa, 'yan kunne masu ruwan zinariya da ake sayarwa kamar gyaɗa, aikin maƙera ya koma gyare-gyare. A lokacin ne zancen zinariyar Jado, can cikin hamada, ya kwashe samarin ƙasar Arawa. Luƙman ya bi ayari aurensa bai shekara ba. Daga Jado ya wuce Sabha ta ƙasar Libiya, yana kiran Hasiya a waya lokaci-lokaci, ita kuma ta kai wa surukinta labari.

Kiran ƙarshe bai daɗe ba. Ya ce yana lafiya, ya bar Sabha, a gaida Baba, zai sake kira in ya zauna. Da Usaini ya matsa mata da tambayar ina yake, Hasiya ta ce bai faɗa ba, amma a bayan muryarsa ta ji zugazugi, wani babba, yana ja yana saki ba ya tsayawa. Ita da ta kwana ta tashi a gidan maƙera ba za a koya mata wannan sauti ba. Ranar Usaini ya sa aka yanka zakara. Yaro ya gaji da haƙar rami, ya koma ga sana'ar ubansa, ya sami babbar maƙera a arewa. Me ya fi wannan?

Daga nan waya ta yi shiru. Aka yi girbi, aka ɗaure gero, aka kai rumbu. Sai ga wani direban babbar mota daga Agadas ya tsaya a bakin kasuwa yana tambayar rumfar Usaini, ya miƙa masa wata 'yar fata ɗinkakkiya kamar laya. Shi ma wani yaron mota ya ba shi, yaron kuma daga hannun wani Batube, mutumin hamada, ya karɓa, Batuben ba wanda ya san daga ina. Saƙon baki ɗaya ne ya biyo ta: a kai wa Usaini Maƙeri na Dutsi, daga ɗansa.

Usaini ya farke ɗinkin da tsinin wuƙa. Abin da ya faɗo tafinsa tsabar zinariya ce, faɗinta bai wuce farcen babban yatsa ba. A fuska ɗaya kan mutum ne yana duban dama, gemunsa ya sauko a nannaɗe kamar igiyar rama, an ɗaura masa ganye a ka an ƙulle a ƙeya, rubutun boko ya kewaye shi. A ɗaya fuskar mace ce a tsaye mai fukafukai. Usaini ya ɗora a sikeli, giram bakwai da 'yar ɗoriya. Ya goga a baƙin dutse ya ɗiga ruwan gwaji, zanen bai ko motsa ba. Tun da yake bai taɓa riƙe zinariya mai tsarkin wannan ba. Ya duba gefe, ba layin zubi, ba ƙurajen iska. Bugu ne, bugu ɗaya tak, da hannun da bai taɓa gani ba.

To a gidansu akwai al'ada. Ɗan maƙerin da ya yi nisa ya zauna a ƙarƙashin wani maigida ba ya aiko da takarda, aikin gidan da ya sauka yake aikowa, don masu ido su duba su san inda yake. Haka uban Usaini ya yi da ya zauna Sakkwato yana saurayi. Saboda haka Usaini bai yi wata-wata ba. Ga zugazugi an ji, ga aiki ya iso. Ya lura gashin mai gemun ya ɗan goge, alamar ya sha hannu, amma ya ce ai babban gida ba ya rasa aikin kakanni a ajiye. Abin da ya rage kawai a gano gidan.

Ya ɗauki abin kamar yadda yake ɗaukar kowane aiki, da tsari. Bai nuna wa kowa ainihin dinarin ba, don tsoron ɓarayi da tsoron jandarma su ce daga ina. Ya danna shi cikin kakin zuma, ya zuba kwafi na dalma, wannan yake yawo da shi a aljihu. Duk motar da ta sauko daga arewa yana tasha kafin a kwance kaya. Wanda ya dawo daga Jado, ko Sabha, ko Tamanrasat, sai ya ja shi gefe ya buɗe masa hannu: ka taɓa ganin wannan mutumin? Mutanen wane gari ne ke barin gemu haka? Ina ake buga irin wannan? Bai taɓa tunanin nuna wa ɗan boko ba. A ganinsa zancen maƙera da matafiya ne, mai alli ba ya ciki.

Nan da nan labari ya bazu cewa Usaini na gwada zinariya kyauta, da shayi a kai, muddin tsaba ce mai fuska. 'Yan ci-rani suka riƙa kawo masa abin da suka ɓoye a ƙugun wando. Akwai na Turkawa, akwai na Ingila mai mahayin doki, akwai korayen tagulla da injin neman zinariya ya tono a rairayi. Mafi yawa jabu ne na kasuwar Turabulus, tagulla da aka yi wa wanka. Ba ya da ƙarfin saye, amma kowace ya danna ta a kaki kafin ya mayar wa mai ita. Da haka ya tara fuska arba'in da uku.

Ya koyi abubuwa da yawa ba malami. Ya gane jabu a gefe ake kama ta, inda aka goge layin zubi da magagari, kuma in ka jefa ta kan uwar maƙera kukanta a shaƙe yake. Ya gane masu gemu sun fi kauri da nauyi, masu manyan idanu marasa gemu kuwa sirara ne, ɗaya ta gaske da ta taɓa zuwa hannunsa giram huɗu da rabi ta yi. Ya raɗa musu suna don kada su cakuɗe masa: Mai Wuyan Sa, Ɗan Yaro, Mai Hular Ƙarfe wanda shi kaɗai ke kallon mutum ido cikin ido, da wata mace mai kitso kamar kunyar dankali. Masu gemu biyar ya samu. Ya jera su kusa da nasa yana gwada hanci da hanci, ba ɗaya da ya yi daidai.

Bazarar farko ta koya masa darasi. Ya bar faifan kakin a rumfa ya tafi sallar azahar, kafin ya dawo fuskokin sun saki. Hanci ya kwanta, ido ya zurara ya haɗu da baki, Mai Wuyan Sa ya zama kamar wanda aka tono bayan kwana uku. Usaini ya daɗe a tsaye kansu. Daga ranar ya sayi randa ya girke ta a zauren gidansa, ya cika ta da ruwan rijiya, yake zuba su ciki. Kaki ba ya nitsewa. In ka ɗaga faifan da ke bakin randar sai ka tarar da su suna shawagi, wasu a kife, wasu suna kallon sama, suna gogar juna a hankali ko da ba wanda ya taɓa ruwan.

Matarsa A'i ta daina bi ta zauren, ta koma fita ta ƙofar awaki. Ba da saninsa ba ta je wurin wata tsohuwa 'yar bori a gindin dutse. Tsohuwar ta ce abin da ya fito daga ƙasa da mai shi, kuma baƙon da ke gidansu ba ya cikin iskokin da aka sani, ba doguwa ba ce, ba a san kiɗansa ba, ba a san abin da yake sha ba. Baƙon da ba a san sunansa ba kuwa ba a iya sallamarsa. Da A'i ta kawo wa Usaini wannan magana sai ya ce to ai aikinsu ɗaya da tsohuwar, shi ma sunan yake nema.

Abin da bai gaya wa A'i ba shi ne, tun zuwan dinarin, da tsakar rana idan kasuwa ta yi liƙis ya jingina da ƙafar rumfa, yakan ji zugazugi na numfashi. Ya buɗe ido ya gan shi a yashe, fatar a lanƙwashe, gawayi ya mutu. Ya rufe ido ya sake ji, ja da saki, ja da saki, daga nesa. Bai ji tsoro ba a lokacin. Ya ɗauka ɗansa ne ke kan aiki a can, jini ke kawo masa.

Duk wannan zamani Hasiya na gidan, tana daka, tana ɗebo ruwa, ba ita ga masu miji ba, ba ita ga zawarawa ba. Sa'o'inta suka yi goyo na biyu. Ba ta taɓa cewa komai ba, wanta ne ya ce. Musbahu sunansa, yana da shagon siminti a bakin titi, ɗan Izala ne mai ɗagaggen wando, mutum mai ladabi da ba ya kwana-kwana. Tun shekara ta biyu yake zuwa gaisuwa yana ajiye magana a hankali. Da shekara huɗu ta cika, wa'adin da malamai suka yanka wa matar wanda ya ɓace, sai ya zo da maganar a fili. Abin da ake bukata kaɗan ne: uban miji ya je gaban sarki da liman ya shaida cewa ba labarin ɗansa, a raba auren, yarinya ta yi idda ta san inda ta dosa. Ya ƙara da cewa, ba don raini ba, gidan da aka tara hotunan masu rai a randa mala'ikun rahama ba sa shigarsa.

Usaini ya bar zancen mala'iku ya wuce. Ya ciro kwafin dalma ya ajiye a tabarma tsakaninsu.

"Musbahu, ka ce in tai gaban liman in ce babu labari. Wanga mi ne ne? Labari na hannuna, karanta shi ne ban iya ba tukuna. So kake in yi rantsuwa bisa ƙarya?"

"Baba, dalma ce."

"Dalma ce wurinka."

Musbahu ya ce zai dawo bayan girbi, kuma a lokacin, ko da Baba ko ba Baba, zai kai maganar gaba. Ya yi sallama ya ɗauki takalmansa.

Ana cikin damina sai wani malamin lise, wato babbar sakandare, Mushe Abdussalamu, ya kawo sarƙar matarsa gyara. Babarbare ne daga Damagaram, sabon zuwa, tarihi yake koyarwa. Tun da ya ga tsagen Usaini ya fara tsokanarsa da wasan da ke tsakanin Barebari da Arawa, wai ga ɗansu da ya gudo daga Barno ya ƙi komawa gida. Usaini ya ce masu ƙafa ne suka taho, guragu aka bari suna jiran gari. Suna cikin dariya ya zaro hannu daga aljihu neman ashana, kwafin dalma ya faɗo ya gangara har gaban takalmin malamin.

Malamin ya ɗauka ya kai kusa da ido. Ya tambaya a ina aka samo wannan. Usaini ya ce wani abu ne na yara. Malamin bai saurare shi ba, ya ɗora abin a gwiwa ya ɗauki hotonsa da waya, ya ɗan latsa. Ruwan shayin da ke kan gawayi bai kai ga tafasa ba ya juyo masa da fuskar wayar. Ga mai gemun nan, da zinariyarsa, da ganyensa a ka, da macen mai fukafukai. Ya ja yatsa, ga wani, ga wani, sun fi a ƙirga, duk shi ne.

Malamin ya yi bayani da zumuɗin mai son aikinsa. Sarkin Rum ne, ya faɗi sunansa da Faransanci, Usaini ya kama abin da kunnensa ya iya ɗauka, Sabiru. Ya yi mulki shekara wajen dubu da ɗari takwas da suka wuce, tun kafin zuwan Annabi. Wannan kuɗin kashewa ne, da shi ake biyan soja, an buga dubbai, yawanci a birnin Rum can ƙetare. Maƙerar da ta buga shi ta zama ƙasa tun ba a san za a yi Dogon Dutsi ba.

Usaini ya ji kamar an zare masa tabarma. Ya gyara gawayin da ba ya bukatar gyara. Can ya tambayi abin da Ba'are, ɗan Arawa, ke tambaya game da kowane baƙo: shi wannan sarki, ɗan wane gari ne?

Malamin ya ce abin mamakin ke nan, ɗan Afirka ne. A ƙasar Libiya ta yau aka haife shi, wani gari Labda, kangonsa na nan har gobe, ginshiƙan dutse jere-jere. Da ya ga yadda idon dattijon ya canza sai ya yi sauri ya ƙara da cewa wannan ba ya nuna komai game da inda aka tsinci tsabar. Kuɗi yawo yake. Mai yiwuwa a Sabha aka tono ta, mai yiwuwa a kasuwa aka saye ta. Usaini ya ce ya ji. Sannan ya ba shi labarin Luƙman tun daga farko, abin da bai taɓa yi da baƙo ba, ya roƙe shi ya zo gida gobe ya nuna masa garin.

Washegari bayan la'asar malamin ya zo da kwamfutarsa, suka zauna a zaure kusa da randa. Usaini ya kawo ainihin dinarin, malamin ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi gaba da baya. Sannan ya buɗe wani bidiyo da wani mai yawon buɗe ido ya ɗauka. Ga ginshiƙai, ga wata babbar ƙofa ta dutse, ga titi shimfiɗe da faffaɗan duwatsu. Usaini ya matso yana neman hayaƙi, ko rumfa, ko wata alamar wuta. Ba kowa a garin. Mai ɗaukar hoton ya bi ta wani lungu ya sauka gangare, ginin ya ƙare, sai ruwa. Ruwa har inda ido ya tsaya, yana tahowa ya kwanta kan yashi ya koma. Malamin ya ƙara sauti.

Hasiya ce ta shigo da kwanon fura. Usaini bai ga shigowarta ba, sai da ya ji ba a ajiye kwanon ba ya ɗaga kai. Tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta kallon kwamfutar, ta karkata kai gefe kamar mai sauraron kira daga bayan gari.

"Baba, shi ne."

"Wa?"

"Zugazugin. Wanda na ji a waya ranar. Shi ne wanga."

Ta durƙusa ta ajiye kwanon a hankali, ko ɗigo bai zuba ba, ta koma cikin gida.

Malamin ya kashe sautin. Usaini ya ce ya mayar. Suka zauna suna ji, ja da saki, ja da saki. Shi kansa da ya shekara hamsin a bakin wuta, da an rufe masa ido an tambaye shi, abin da zai ce ke nan. Bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina ba, Hasiya ma haka. Ya tambayi malamin ko akwai mutane kusa da kangon. Malamin ya ɗan yi jinkiri, sannan ya ce akwai gari a gefensa. Usaini ya ce me baƙi irin su Luƙman ke yi a can. Malamin ya ce wasu gini, wasu dako. Usaini ya ci gaba da kallonsa. Sai malamin ya faɗi sauran: daga wannan gaɓa ne ake shiga jiragen roba zuwa Italiya, kuma masu shiga sukan aika abin da suka mallaka gida kafin su hau, don ba a shiga ruwa da kaya.

Ya sake nanatawa, don mutum ne mai gaskiya, cewa wannan ba hujja ba ce. Gaɓar tekun Libiya ta fi nisan Dutsi zuwa Agadas, ko'ina ruwa haka yake kuka. Akwai waɗanda suka haye suna can ba takardu, akwai waɗanda ke tsare a gidajen yari shekaru ba a ji ɗuriyarsu ba. Usaini ya ce duk ya ji, Allah ya saka da alheri. Ya raka shi har bakin titi, har ya tuna masa sarƙar matarsa ta gyaru, ya aiko a karɓa.

Kwana biyu bai je kasuwa ba. A rana ta uku ya zo ɗaga faifan randa don ya canza ruwa kamar yadda ya saba, ya ga fuskokin suna shawagi, wasu a kife. Ya mayar da faifan. Ya kira A'i ya ce ta sa a kwashe su a shanya a inuwa, randar kuma a ba masu awaki. Sannan ya sa babbar riga ya nufi shagon siminti.

Musbahu ya taso da sauri ya ba shi kujera. Usaini bai zauna ba. Ya ce gobe in Allah ya kai mu su je wurin sarki. Musbahu ya fara godiya, Usaini ya ɗaga masa hannu.

"Ka ji abin da za ni faɗi tun yanzu, don kada ka ji shi can ka ce na sauya. Ba ni cewa ya mutu, ban ga gawa ba. Cewa za ni yi na zaci na san inda yake, ashe ban sani ba. In wannan ya isa, to."

Ya isa. Liman ya yi tambayoyinsa, aka rubuta abin da za a rubuta, aka raba auren. Hasiya ta yi iddarta a ɗakinta, don A'i ta ce ba za a fitar da ita kamar wadda ta yi laifi ba. Ana sauran kwana kaɗan ta tafi Usaini ya kira ta zaure, ya ajiye dinarin a gabanta. Ya ce shi aka aiko wa, amma ita ta yi zaman jiransa. In tana so ya narka ya yi mata 'yan kunne da zobe, zai yi yau ɗin nan, in kuma sayarwa take so malamin ya san hanyar da ba ta saɓa doka ba. Hasiya ta dube shi, ta dubi mai gemun. Ta ce ba ta iya sa shi a kunne, kusa da inda ta ji abin da ta ji. Baba ya riƙe.

Motar Gesheme ta ɗauke ta da safe, da akwatinta da kwallayenta, Musbahu a gaba kusa da direba. Bayan shekara ta auri wani ma'aikacin gidan gona a Tibiri. Tana aiko wa A'i da kuka da daddawa duk kaka.

Maƙwabta suka rasa gaisuwar da za su yi wa Usaini. Ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba, ba a yi sadakar uku ko ta bakwai ba. Wasu suka ce masa ya haƙuri, wasu suka ce Allah ya bayyana, kowanne ya amsa da amin. A'i ta koma wurin tsohuwar gindin dutse da sunan da aka samo, tsohuwar ta juya shi a baki ta ce ba ta san mai wannan suna ba, amma a ba da farin goro ga yara ranar Alhamis. Aka bayar.

Yana nan a rumfarsa har yau, idonsa ya ɗan rage amma hannun ba ya rawa. Ya daina zuwa tasha. 'Yan ci-rani ba su daina kawo masa tsaba mai fuska ba, yana gwada musu, ya gaya musu ta gaske ko jabu, in mai gemu ce ya ce su kai wa Mushe a lise ya faɗa musu sunanta. Ya sayi injin hura wuta na hannu, irin mai mariƙi da ake juyawa, ya ba wani maƙerin baƙi na Kiyeshe zugazugin fata. Da tsakar rana kuwa ba ya zama a rumfar. Da zarar kasuwa ta fara yin shiru sai ya rufe sikeli a gwangwani, ya tafi layin masu injin niƙa, inda ƙara ba ta barin mutum ya ji komai, ya zauna a kan benci har a kira la'asar.